Layi na Huɗu a Katin Yaya

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya ke da ɗiyarmu. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar nan da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya, sai godiya.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Sau uku na kira ki a makon jiya da niyyar faɗa miki wata magana, duk sau ukun na ɓige da labarin ruwan sama da karatun yarinya. Bakina ya kasa. Tun da da alƙalami na yi ɓarnar, bari in faɗe ta da alƙalami. Direban motar da ke zuwa wajenku Litinin da Alhamis ya yarda zai riƙa ajiye miki takarda a kantin maganin da kike aiki.

Don Allah kada ki yaga ta in kin ga sunan da ke tafe. Mama Mai Guga, tsohuwar nan mai annabci a ikilisiyarmu, ba ta da lafiya. Ta faɗi a ɗakinta mako uku da suka wuce, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tana magana, amma a hankali. Likita bai ɓoye mana komai ba, ya ce zuciyarta ta gaji. Ni nake zuwa kullum in yi mata wanka kafin in wuce ofishin makaranta.

Na san shekara goma sha biyu ke nan ba ki son jin sunanta, kin kuma daina shiga ikilisiya saboda ita. A kan haka nake rubuto miki.

Kin tuna yadda muke yi a taron addu'ar Laraba. In Ubangiji ya ba Mama magana domin wanda ba ya wurin, ni nake rubutawa, don ita ba ta yi makaranta ba, ni kuma ana ta zuga ni wai rubutuna kamar na inji. Bayan an tashi sai mu shiga ƙaramin ɗakin da ake ajiye kujeru, daga ita sai ni, saboda sirrin mai maganar. Ta faɗa, in rubuta a farin kati, in karanta mata, ta ce "haka ne", sannan in kai wa mai shi. An kafa dokar karantawar ne don kada wani ya sa wa Ubangiji magana a baki.

Ranar Larabar da mijinki Dogo ya cika kwana ashirin a asibiti, ta ba da magana dominki. Layi uku ne: "Ubangiji ya ga gajiyarki. Yana cikin ɗakin nan tare da ku. Ki riƙe hannun mijinki, kada ki ji tsoro." Na karanta mata, ta ce haka ne.

Ina hawa matakalar asibitin, tsakanin hawa na biyu da na uku, wurin tagar nan mai fasasshen gilashi, na sake duba katin sai na ga maganar ta yi kaɗan. Na ce a raina, matar da ta yi kwana ashirin a kan kujerar roba, duk ta rame ta zama wata iri, wannan kaɗai zan miƙa mata? Na zauna a kan matakala, na ɗora katin a gwiwata, na ƙara layi na huɗu: "Zai fita daga nan da ƙafarsa."

Yaya, Mama ba ta faɗi wannan ba. Ni na faɗa. Na ga yadda fuskarki ta washe da kika karanta, har na yi ta jin daɗi a mota ina cewa na yi abin kirki. Bayan kwana huɗu ya rasu, kika ɗora laifin a kanta, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Tsoro ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Ban rubuto don ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Na rubuto ne don kada tsohuwar nan ta tafi da laifina a kanta.

Ki gaida mini ɗiyarmu. Ubangiji ya kiyaye ku.

Taki,
Auta

*

Alhamis

Auta,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Takardarki ta iso.

Na karanta ta a tsaye a bayan kantar sayar da magani, na ninke, na ci gaba da sallamar mutane har aka tashi. Da na koma gida na buɗe akwati na ɗauko katin. Yana nan. Ba don ƙauna na ajiye shi ba, shaida na ajiye. Layi uku a miƙe suke. Na huɗun ya karkace ya gangara ƙasa. Shekara goma sha biyu ina ganin haka, ina cewa hannunki ne ya gaji.

Kin ce kin ga fuskata ta washe. Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba, tun da ke mota kika shiga kika tafi gida.

Ranar Juma'a Dogo ya ce mini, "Jawo kujerarki kusa, akwai abubuwan da nake so ki sani." Na zaro katin na nuna masa. Na ce, "Ka bar maganar marasa bangaskiya, in ka koma gida ka faɗa mini." Ya ce to a kawo masa yarinyar ya gan ta. Na ce me za ta zo gani, robar da ke hancinka? Shekararta tara, kada a tsorata ta a banza, ranar da za ka fita za ta zo ta tare ka a ƙofa. Na je gida na ɗauko takalmansa na zuwa ikilisiya, na goge su har suna sheƙi, na ajiye su a ƙarƙashin gadon inda zai iya gani. Ya dube su, ya yi ɗan murmushi, ya juya fuskarsa bango.

Sau biyu ya sake gwadawa, sau biyun na toshe masa baki da katinki. Ranar Lahadi da safe ya tafi. Takalman a leda na riƙo su na dawo gida.

Ba mutuwarsa nake tuhumar ki da ita ba. Ciwon ya riga ya ci shi, yanzu da nake cikin magunguna na san haka. Abin da kika ƙwace mana sallama ce. Mutum ya roƙi matarsa ta saurare shi kafin ya mutu, ta ƙi. Yarinya ta girma ba ta san kalmar ƙarshe da ubanta zai gaya mata ba. Har yau in mai gyaran famfo ya shigo gidan nan da jakar kayan aiki irin ta ubanta, sai ta shige ɗaki ta rufe.

A wurin aikina, wanda ya ƙara layi ɗaya a takardar likita korar sa ake yi a ranar, ko da tausayi ne ya sa shi. Ke kuma an naɗa ki sakatariyar zumuntar mata.

Ita tsohuwar kuwa, kwana uku bayan an binne shi ta zo ƙofata da ɗan mayafinta. Na kira ta maƙaryaciya a gaban maƙwabta, na ce ta je ta yi ta gugarta ta bar Allah ya huta da bakinta, na rufo ƙofa. Kina cikin ɗakin a lokacin, kina wanke mini kwanuka. Kin ji komai.

Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Ita ta san ba ta faɗa ba. Me ya hana ta buɗe baki?

Kada ki kira ni a waya, ba zan ɗauka ba.

Ki huta lafiya.
Yayarki

*

Litinin

Yayata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kun tashi lafiya. Na karɓi takardarki. Babu kalma ɗaya a ciki da zan musa. Labarin takalman ban san shi ba, ya kuma zauna mini a ƙirji har yanzu.

Kin tambayi abin da ya hana ta magana. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Da kika kai wa Fasto katin, kafin ki dawo ki karɓe shi ki bar garin, an kira Mama gaban dattawa, aka kira ni ma a matsayin mai rubutu. Fasto ya karanta layi huɗun da ƙarfi, ya ce, "Mama, ke kika faɗi wannan?" Ta juyo ta dube ni. Ba fuskata ta duba ba, hannuna ta duba, har na ɓoye shi a bayan jaka. Sai ta ce, "Katina ne." Ba ta ƙara komai ba. Suka yanke cewa ta dakatar da yin annabci a taro sai yadda hali ya yi. Halin bai taɓa yi ba. Ta kwashe kanta daga benci na biyu ta koma na ƙarshe kusa da ƙofa, can take zama har ranar da ta faɗi.

Duk Laraba in mun haɗu sai ta ce, "Auta, yaya hannu?" In ce lafiya. Shekara goma sha biyu ban san ko zolaya ce ko gargaɗi ba.

Ranar Asabar ina tsefe mata kai, na yi ta maza na faɗa mata komai, har da cewa na rubuto miki. Ina kuka ina jan majina kamar wata ƙaramar yarinya. Ta ce, "To, sai yau kika sani? Ni ai na daɗe da sani. Ci gaba da tsifar, kin bar mini rabin kai a tsaye."

Da na gama ta ce in ɗauko takarda tana so ta yi miki magana. Na ce a'a, a kira maƙwabciyarta malamar asibiti ta rubuta, don ba za ki yarda da abin da ya fito daga hannuna ba. Ta ce, "Ke za ki rubuta. In ban sa ki yanzu ba, haka za ki tsufa kina tsoron alƙalami." Na dai roƙi malamar ta zauna ta saurara. Ga sa hannunta nan a ƙasa. Na karanta wa Mama sau uku, ta ce haka ne. Yini biyu muka yi muna yi saboda numfashinta.

Ubangiji ya sanyaya zuciyarki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya jikata? An ce ta yi tsawo kamar ubanta. Ni ina nan kwance kamar tulin wanki, sai an juya ni.

Auta ta gaya miki nata laifin, yanzu ki ji nawa. Ita tana ɗauka na yi shiru ne don ni mutuniyar kirki ce. Ki bar ta da tunaninta.

Kin san a ɗakin wankin asibitin nake aiki a lokacin, can ƙasa. Ranar Asabar da rana, da kika je gida wanka, na hau da zannuwan gado na leƙa mijinki. Katin yana kan ɗan teburinsa. Ya ce, "Mama, ke kika ce zan fita da ƙafata?" Na ce karanta mini. Ya karanta. Na ce uku nawa ne, na huɗun ban san shi ba. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Na sani. Ni da ke cikin jikin nan ai na fi kowa sani." Sannan ya ce, "Kada ki gaya mata. Tun da katin nan ya zo take cin abinci."

Na bi maganarsa. Na gamu da ke a matakala kina dawowa, kika rungume ni kina godiya, na ce Ubangiji yana tare da ku, na wuce. Da na tsayar da ke a wurin na ce 'yata, ukun farko ki riƙe, je ki saurari mijinki, da kin sami yini guda. Yini guda yana da yawa. Wannan ba Auta ba ce, ni ce. Ita ta ƙara, ni na rage, dukanmu mun yanke wa Ubangiji abin da za ki iya ɗauka.

A gaban dattawa kuma na duba na ga kin rasa miji, in na buɗe baki za ki rasa ƙanwa. Na ce gara ni, tsohuwa ce ba dangi ba. Na ɗauka wata biyu za a yi a manta.

Baiwar nan da aka ba ni ba ta sanin gobe ba ce. Ban taɓa sanin wa zai tashi wa zai tafi ba. An ba ni ne in gaya wa wanda gwiwarsa ta yi sanyi cewa ba a manta da shi ba. Ni mai guga ce. Ba na ɗinka riga, ba na ƙara mata aljihu, wadda aka kawo ita nake miƙarwa. Shekara goma sha biyu maganar ba ta daina zuwa ba. In ga matar da ta yi ɓari na uku tana zaune gabana, maganar ta cika mini baki, in haɗiye. Akwai mutumin da aka kora daga aiki ya daina zuwa, har yau ina riƙe da tasa. Su ma na cuce su, ba su kuwa yi wa kowa laifi ba.

Ga abin da ya sa na matsa. Ranar nan mijinki ya ba ni saƙo dominki da yarinyar. Ya ce baki da baki, kada a rubuta, don ya ga aikin takarda. Da shi na zo ƙofarki. Kika rufe, ni ma na yi fushi. Auta, rubuta yadda na faɗa, fushi na yi. Da kika tashi kika bar garin, da na so da na hau mota na bi ki. Na ce sai ta neme ni. Girman kai ne, a jikin mai guga.

Saƙon yana nan, ban zubar da ko kalma ɗaya ba, kullum ina bitarsa. Ki zo ki karɓi kayanki. Ki zo da yarinyar, rabi nata ne. Kada ki daɗe, likitan nan yana yi mini irin murmushin da na sani.

Ubangiji ya riƙe ku.

Mamarki,
Mai Guga

*

Alhamis

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama?

Na san na bar mota biyu sun wuce ba amsa. Kwana goma ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Na yarda maganarta ce. Ba don sa hannun malamar ba. Ke ba za ki iya ƙirƙiro "tulin wanki" ba, ke da kin sa mata wani abu mai daɗin ji. Dariyar Dogo ma na ji ta a cikin takardar, haka yake yi in ya riga kowa gane abu. Ashe ya san ba zai saka takalman ba, ya bar ni ina goge su.

Akwai abin da ba ki faɗa ba a takardunki biyu, na kuma san kina tune da shi. Ranar Larabar nan da safe na kira ki daga barandar asibiti. Na ce ki gaya wa Mama ta nema mini magana a wurin Ubangiji. Na ce, "In ba ta ce zai tashi ba, kada ki kawo mini komai." Ni na faɗa miki haka, ke kuma tun kina ƙarama ba ki iya ce mini a'a ba. Wannan bai wanke ki ba. Amma na daɗe ina neman wanda zan jefa, ban taɓa tsayawa na ƙirga da kaina ba. Ba ƙarfafawa na je nema ba, umarni na aika, kamar Ubangiji yaron kantina ne.

Na gaya wa yarinyar komai ranar Lahadi. Ta yi ta jujjuya cokali a kofi. Can ta ce, "Ashe ya tambaye ni?" Duk shekarun nan tana ɗauka shi ne bai so ta zo ba. Ban taɓa sanin haka take ɗauka ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Za mu zo ranar Lahadin ƙarshen wata. Abokiyar aikina ta haihu, ni kaɗai ce a kanti, ga jarrabawar yarinya. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Ban shirya ganin fuskarki ba tukuna, ina bukatar 'yan kwanakin nan.

Ki karanta wa Mama daga farko zuwa nan. Abin da ke ƙasa naki ne ke kaɗai.

Ina so in roƙe ta gafarar abin da na yi mata a ƙofa. Kullum in na tuna yadda ta tsaya da mayafinta a hannu, sai kunya ta rufe ni. Kada ki gaya mata. Ni zan durƙusa in faɗa da bakina.

Ki gaishe ta. Sai mun zo.

Yayarki

*

Laraba

Yayata,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji mai ta'aziyya. Kin riga kin ga saƙona a waya jiya. Mama ta tafi da misalin ƙarfe goma na safe, ina goge mata fuska da ɗan tawul. Babu wahala. Za a binne ta ranar Asabar.

Ranar Litinin na kira ki sau huɗu da na ga numfashinta ya canza. Ba ki ɗauka ba. Ban ga laifinki ba, ke kika ce kada in kira, ni kuma na san abin da ya sa.

Dole in faɗa miki wani laifin. Da na zo karanta mata takardarki, na kai inda kika ce in tsaya, sai ta ce, "Na ga sauran rubutu a ƙasa." Na yi wa kaina alkawari ba ƙari ba ragi, sai na karanta mata duka, har da wurin da kika ce kada in gaya mata. Ta yi dariya da rabin bakinta. Ta ce, "Ki ce mata ta bar durƙuson, ƙafarta tana kumbura. Na yafe tuni, fushin ne kawai ya daɗe bai sani ba." Haka ta faɗa, ban gyara ba.

Na je wurin Fasto da dattawa na faɗa musu komai, na kuma ajiye muƙamin sakatariya. Ranar Lahadi Fasto ya zo har bakin gadonta ya ce sun janye dakatarwar, ya roƙi gafara. Ta ce, "Yanzu da bakin ya karkace?" Duk da haka ta sa aka nemo mata mutumin nan da aka kora daga aiki, ya zo da furfurarsa, ta faɗa masa tasa. Ya fita yana share ido.

Ta yi ta ƙirga kwanaki zuwa Lahadin da kika ce. Ranar Litinin da rana ta ce, "Ba zan kai ba. Matso." Na ce Mama, ba ni ba, ki ba malamar asibiti, ki ba Fasto, ki ba kowa. Ta ce, "Ke." Ta faɗa mini saƙon Dogo a kunne, ta sa na maimaita sau bakwai har ta ce haka ne. Sannan ta kama hannuna na dama da hannunta mai rai ta ce, "Yaya hannu?" Na ce ya warke. Ta ce a gani.

Ban rubuta shi ba ko a ɓoye. Yana cikin kaina, ina bitarsa a mota, ina bitarsa a ofis har na yi kuskure a takardar shugabar makaranta.

Gara ki sani tun yanzu, ba shi da yawa. Ba irin maganar wa'azi ba ce, maganar Dogo ce sak, har da famfon kicin a ciki. Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu na ji zuciyata tana so ta ɗan gyara masa wani wuri don ya fi daɗin ji. Na gane muryar, ita ce ta matakala. Ban saurare ta ba.

In ba ki so ki ji shi daga bakina, na fahimta. Sai dai babu wani bakin da ya rage.

Ubangiji ya ta'azantar da mu duka.

Ƙanwarki,
Auta

*

Alhamis

Auta,

Na gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, ke ma ki yi mini. Direba yana jira a ƙofar kanti, ba zan ja ba.

Na ga kiranki huɗun ranar Litinin. Wayar tana hannuna ina kallon ta. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka.

Gobe Juma'a za mu taso da motar safe, ni da yarinyar. In an gama binne Mama, ki zaunar da mu ki faɗa mana yadda ya faɗa, har da famfon. In ya yi kaɗan ki bar shi a haka.

Katin yana cikin jakata. Na sa almakashi na yanke layi na huɗu. Ukun da suka rage na karanta su yau kamar ban taɓa ganin su ba. Sun isa, Auta. Tun ranar ma da sun isa.

Ki zo tasha ki tare mu.

Yayarki